Masauki mai araha a Kwatano: ina za a sauka, me za a duba kafin a biya?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambayar masauki a Kwatano ta Jamhuriyar Benin ta yi yawa a zauren nan, kusan duk mako sai wani ya sake ta, to bari mu tattara ta wuri ɗaya. Mutum ne zai je sarin kaya ko duba mota, kwana uku zuwa mako guda, kuma ba ya son kuɗin ɗaki ya cinye masa riba. Wace unguwa zai nufa, nawa zai tanada, me zai duba? Don Allah kada a saka sunan otal ko lambar wayar kowa, ba talla muka zo ba.

Baban Zongo: Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar ɗaki, a fara sanin garin. Ruwa ne ya raba Kwatano gida biyu, wato mashigin da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku, kuma gadoji uku ne kawai ake hayewa ta kansu. Ɓangaren yamma nan ne tashar jiragen ruwa, da Zongo, da Jonke, da Ganhi, da kasuwar gwanjo ta Misebo, da kasuwar Dantokpa wadda take bakin ruwan daidai. Ɓangaren gabas shi ne Akpakpa, daga nan hanya ta miƙe zuwa filayen motoci na Sekanji, ta wuce iyakar Nijeriya a Seme. Da safe daga ƙarfe bakwai zuwa tara, da yamma daga biyar da rabi har bayan isha'i, gadojin nan cushewa suke yi. Don haka ka sauka a ɓangaren da aikinka yake. Wanda ya samu ɗaki mai rangwamen sefa 2,000 a ƙetaren gada, zai biya ta a kuɗin babur da ɓata lokaci. Ga ɗan uwa Musulmi da bai san gari ba, ni Zongo nake nuna masa. Babban masallaci na nan, za a yi masa Hausa, zai ci nama bai yi tambaya ba, kuma tashar jiragen ruwa ba ta da nisa.

Dillalin Sekanji: Baba, Allah ya ƙara girma, maganar gada gaskiya ce, amma ita ce ma hujjata a kan Zongo. Mai neman mota ba cikin tashar ruwa zai wuni ba, filayen ajiye motocin suna can gabas kan hanyar Seme. Shi Akpakpa ta fi masa, ko ma gaba da ita, ya fito da safe yana tafiya saɓanin cunkoso. Tun da Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 baƙin wannan ɓangaren suka ragu, shi ya sa masu masauki a can sun fi sauƙin ciniki idan ka ce za ka yi kwanaki. Farashi kuwa yana motsi, amma abin da aka saba ji: ɗaki mai fanka tsakanin sefa 5,000 da 10,000, mai esi daga wajen 12,000 zuwa 20,000. A bakin kanta kalmomi biyu za ka ji, vantile na fanka, kilimatize na esi. Kada ka biya mako guda a dunƙule ran farko. Ka biya kwana ɗaya, ka kwana ka ga yadda dare yake, da safe ka yi cinikin sauran. Kuɗin da ya shiga aljihun mai otal ba ya dawowa don ka ce sauro ya dame ka.

Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Na gode iyayena. Tambayata, shin mai fanka ya wadatar? Mu da muka saba da zafin Sakkwato ai ina ganin ba abin da zai ba mu tsoro.

Injiniyan Sanyi: Ƙanena, ba irin zafin ba ne. A ma'auni Kwatano ba ta kai Sakkwato ba ko kusa, yawanci tana yawo ne tsakanin digiri 25 da 32. Abin da ke wahalar da mutum laimar iska ce, wadda sau da yawa take haura kashi 80 cikin ɗari. A arewa gumi na fita yana bushewa, jiki ya yi sanyi. A bakin teku iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin sai ya zauna a fata, ka kwanta zanin gado ya jiƙe, dare kuma ba ya saukar da zafin sosai. Daga Fabrairu zuwa Afrilu abin ya fi tsanani. A Yuli da Agusta gari na yin sanyi-sanyi, lokacin fanka ta isa.

Idan fanka za ka ɗauka, sharaɗinta ɗaki ya zama hawa na ɗaya ko na biyu, da taga biyu a bango daban-daban, ɗaya ta fuskanci kudu ko yamma, don iskar teku daga kudu maso yamma take busowa. Ɗakin da ke can saman ƙarshe ƙarƙashin dakalin siminti ko kwano ka guje shi, rufin yana shan rana wuni guda ya riƙa sako zafin har tsakar dare. Ɗakin da ba taga sam, komai arharsa, bar shi.

Esi kuma ba ganinta a bango ne magana ba. Ka ce a kunna, ka tsaya minti goma. Ka sa hannu a bakinta, iskar ta zama mai sanyi sosai, ba iska kawai ba. Ka leƙa waje ka ji ko injin bayan ya tashi, don fankar ciki tana iya juyawa alhali kwamfuresa, wato injin da ke samar da sanyin, a mace take, ko gas ya tsiyaye. Iskar gishiri tana cin siraran faranten injin waje, idan ka ga sun yi fari suna marmashewa, wannan esi za ta yi ta ƙugi ba sanyi. Ka ɗaga murfin gaba ka dubi ragar tace ƙura, idan ta yi baƙi da funfuna, ita za ka shaƙa har asuba, a wanke ta da ruwa minti biyar ne. Sannan ka dubi bangon da ke ƙarƙashinta. Idan da shatin ruwa, bututun fitar da ruwa ya toshe, cikin dare za ta riƙa ɗiga, to kada jakarka ko wayarka su kwana a wurin. Mai ƙarfin doki ɗaya tana isar ɗakin da bai wuce mita huɗu da huɗu ba. Ka saita ta a 24 ko 25, ba 16 ba. Saita ta ƙasa ba ya sa ta sanyaya da sauri, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi.

Mai Wayarin: In ɗora a kan na Injiniya. Wutar Benin ta gyaru kan da, musamman bayan an buɗe tashar wutar lantarki ta Mariya Gileta a 2019, amma har yanzu ana ɗaukewa, balle lokacin hadari. Tambayar da za ka yi ba "kuna da janareta?" ba ce, kowa zai ce e. Ka tambaya: injin yana ɗaukar esi, ko fitila da fanka kawai? Kuma wa ke tayar da shi da dare? Esi mai doki ɗaya tana jan wajen wat 900, lokacin tashi kuma tana fizgar ninkin wannan sau uku ko fiye. Otal mai ɗaki goma sha biyar da ɗan injin kVA 10 ba zai taɓa ɗaukar esi ɗin duka ba. Abin da ke faruwa shi ne ka biya kuɗin esi, a ɗauke wuta, ka tsinci kanka a ɗakin da aka toshe tagoginsa don sanyi kada ya fita. Shi ya sa ɗakin esi da ke da fanka a sama ya fi wanda ba shi da ita daraja nesa ba kusa ba.

Ga 'yan Nijeriya musamman: soket ɗin can irin na Faransa ne, mai rami biyu zagayayyu, wuta bolt 220. Filogin gida mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga. Ka zo da adafta ɗaya mai kyau da doguwar waya mai baki uku ko huɗu, don ɗakunan araha soket ɗaya ko biyu ne, ɗayan ma talabijin ta riƙe. 'Yan Nijar ba su da wannan matsala, irin nasu ne. Kada a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, laima da gishiri sun riga sun sa ƙarfen ciki tsatsa, wurin yana ɗumama ya narke.

Abin da ya fi damuna banɗaki ne. Idan akwai hita ta ruwan zafi kuma ginin ba shi da wayar ƙasa, wato wadda ke janye wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, ranar da abin dumamar ya fashe wuta tana bin ruwa da ƙarfen famfo. Ka taɓa kan famfon da bayan yatsa, idan ka ji ɗan tsikari, kada ka yi wanka a nan, ka nemi a canja maka ɗaki. In za ka yi amfani da hita, ka kunna ruwan ya yi zafi, ka kashe makunninta tukuna ka shiga.

Hajiya Mai Atamfa: Sannunku da ƙoƙari, amma duk kun tsallake abin da ya kamata mace ta fara tambaya, kai har namiji mai mutunci. Da yawa daga ƙananan masaukan nan, musamman wajen Jonke, ɗaki biyu suke sayarwa a ɗaki ɗaya: na kwana, da na 'yan awoyi da ake kira pasaj. Idan ka ga an rubuta farashin awa ɗaya ko biyu a jikin allo, ko mashaya ce a ƙasan benen, ka san irin shige da ficen da za a kwana ana yi. Ba batun kunya kaɗai ba ne, batun tsaro ne, domin duk wanda ya ga dama yana hawa bene ba mai tambayarsa. Ka ce musu kwana za ka yi, a rubuta maka lokacin fita a rasit, yawanci ƙarfe 12 na rana ne.

Wurin da ya ba ka takardar cikewa, ya nemi fasfo ko katin shaida ya rubuta lambar, wannan alama ce mai kyau, yana nufin suna da rajista kuma sun san wanda ke cikin gininsu. Ku bar su su rubuta ko su ɗauki hoto, amma kada ku bar musu ainihin takardar ta kwana a kanta.

'Yan uwana mata, ku duba ƙofa da kanku. Sakata ta ciki wajibi ce, don mabuɗi kowa na iya samun irinsa. Ku sa ɗan katakon tokare ƙofa a jaka, bai kai tafin hannu ba. Ku kashe fitila ku duba ko haske na shigowa ta wata huda a ƙofa ko bangon banɗaki. Ku nemi ɗakin da ke kusa da matakala inda mai gadi ke jin motsi, ba na ƙarshen lungu ba. Idan ku biyu ne ko uku, ɗaki ɗaya mai gado biyu ya fi muku kowa da nata, ga sauƙi ga kwanciyar hankali.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, shi ya sa ni har gobe ina ganin tsarin iyayenmu ya fi. Baƙo ya sauka gidan fatoma, wato mai saukar da fatake, a Zongo, maigida ya ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillali na gaskiya, idan rigima ta taso shi ne zai tsaya masa. Otal ba ya tsaya wa kowa. In kayanka suka ɓace sai a nuna maka takardar da aka manna bayan ƙofa cewa ba su da alhaki.

Dillalin Sekanji: Malam, ban ƙi ba, amma a faɗi ɗaya gefen. Maigida ba kyauta yake saukar da kai ba, la'adarsa tana cikin cinikin da za ka yi ta hannunsa. Idan ka sauka gidansa, kunya ba za ta bar ka ka je wani fili ka taya mota da kanka ba, kuma duk gidan sun san nawa ka zo da shi. Wanda aka haɗa shi da maigida ta hannun wanda ya yarda da shi tun daga gida, ya sauka, alheri ne. Wanda kuwa a tasha wani ya tare shi da Hausa mai daɗi ya ce zo in kai ka gidan Alhaji, ya kama ɗakinsa na kuɗi ya fi masa.

Baban Zongo: Ku duka biyu kuna da gaskiya, kuma ana haɗa su. Ka kwana a otal, ka je ka gaida manyan unguwa ran da ka iso, a san da zuwanka. Sallar magariba ɗaya a masallacin Zongo ta isa ka samu wanda zai ce maka wancan masaukin kada ka kusance shi.

Malamar Asibiti: Bari in shigo da ɓangarenmu, don yawancin waɗanda ke dawowa daga bakin teku da ciwo, a ɗakin kwana suka samo shi. Garin shimfiɗe yake a kan yashi tsakanin tafki da teku, ruwa na kwanciya ko'ina, sauro ba ya da lokaci. Na maleriya da dare yake cizo, mai zanen fari a ƙafa da ke kawo zazzaɓin dengi kuma da rana, musamman safiya da la'asar. Kada wani ya ce ai ya saba da sauron gida.

Ka zo da gidan sauronka mai magani, da igiya mita biyar ko shida, don ba lallai ka samu ƙusa a bango ba, sai ka ɗaura a ƙarfen taga da ƙofar kabad. Ka cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta ko'ina. Ka duba ragar taga da tocila, hudar da ɗan yatsa zai shiga ta isa. Idan feshi za ka yi, ka fesa da magariba, ƙarƙashin gado da bayan labule da banɗaki, ka rufe ka fita na rabin awa, ka dawo ka buɗe iska ta shiga. Igiyar leko a rufaffen ɗakin esi ba ta da kyau ga ƙirji, balle mai asma. Man shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 yana aiki awoyi da dama. Kuma maleriya ba ta nunawa sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon, sau da yawa mutum ya koma gida tukuna. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji a ranar, kada a ce gajiyar hanya ce.

Kuɗin cizo kuma, kada ka ɗora jaka a gado da shigarka. Ajiye ta a kan tayil ɗin banɗaki in a bushe yake, ka yaye zanin gado, ka bi ɗinkin katifa da hasken waya, musamman kusurwoyin wajen kai, da tsagin katakon gado. Baƙaƙen ɗigo kamar na biro, ko ɓawon ƙwaro mai ruwan ƙasa, shaida ce. Canja ɗaki zuwa na maƙwabta ba ya magani, suna bin bango. Katifar da aka lulluɓe da leda ta fi tsabta amma tana ƙara gumi, zani biyu daga gida suna magance wannan, ɗaya a shimfiɗa ɗaya a rufa.

Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Anti, ruwan famfonsu fa, ana sha?

Malamar Asibiti: A'a ƙanena, ka sayi na gora, ka tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba. Possotomè da Fifa suna ko'ina. Ko da ruwan kamfanin gwamnati ne ke shigowa gidan, yana biyawa ta tankin saman bene wanda ba ka san yaushe rabon a wanke shi ba. Wasu kuma rijiya ko burtsatse suke ja, alhali a Kwatano ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, ramin masai ma yana nan kusa da shi. Idan ka ji zartsi a baki ko sabulu ya ƙi kumfa, ruwan rijiya ne. A wannan laimar babba yana buƙatar wajen lita uku a wuni idan yana yawon kasuwa. Ƙanƙarar da ake fasawa a zuba a lemo ma a bar ta. In gudawa ta kama ka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Idan da jini, ko amai ya hana ruwan zama, sai asibiti. Kuma katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance tare da fasfo, ana tambayarsa a iyaka. Allurar tana fara aiki ne bayan kwana goma, ba ranar tafiya ake yin ta ba.

Mai Wayarin: Tunda an zo kan ruwa: ka buɗe shawa da famfon wanke hannu lokaci guda, ka ja ruwan masai ka ga ko tankinsa na sake cika. Idan ka ga babban bokiti cike a banɗaki, gidan na fama da yankewar ruwa, kai ma ka cika shi kowane dare kafin ka kwanta, don famfon da ke tura ruwa sama da wuta yake aiki. Warin masai da ke tasowa a ɗaki kuma yawanci daga ramin tsiyayar ruwa na ƙasa ne, ruwan da ke tare iska a lanƙwasar bututun ya bushe. Zuba rabin bokiti a ciki, ka rufe bakin da leda mai ruwa. Kyankyasai ma ta nan suke hawowa. Buta dai kowa ya zo da tasa.

Hajiya Mai Atamfa: Ga masu tara kaya a ɗaki kafin a yi lodi. Damina biyu ce a can, babba daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ya fi ruwa, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Unguwanni irin su Vosa, Agla da Fifaji an san su da kwanciyar ruwa, kuma ambaliyar 2010 ta nuna yadda abin ke iya kaiwa. Kafin ka karɓi ɗakin ƙasa, dubi gindin bango daga waje da ciki. Idan fenti ya kumbura ko akwai layin datti kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ruwa ya taɓa shiga, zai kuma sake. Ƙofar da aka gina wa ɗan dakali a bakinta ma labari take ba ka. Dila ko turamen atamfa kada su taɓa siminti ko su jingina da bango, a sa katako ko kwali mai kauri a ƙasa, a bar tazarar tafin hannu. Kwana uku sun isa funfuna ta kama yadi, takalmin fata ma haka. Wanki kuma a damina ba ya bushewa a wuni ɗaya, ku zo da kaya marasa nauyi, ku shanya a ƙarƙashin fanka. Araha ba ta ado, ɗakin ƙasa mai rangwame ya sha jawo wa mutane asarar da ta fi kuɗin otal ɗin duka.

Ɗan Maraɗi: Maganar kuɗi. Mu 'yan Nijar kuɗinmu ɗaya da su, ba canji. 'Yan uwa na Chadi da Kamaru su lura, sefarsu ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya a kan Yuro amma mai otal ba zai karɓa ba, sai an canja kuma da ragi. Masu Naira su canja kaɗan a Seme na mota da abinci, sauran a cikin gari bayan sun ji farashi wurin mutum biyu ko uku, a ƙirga a gaban mai canji kafin a miƙa nasa. Ka nemi ƙananan takardu, 500 da 1,000 da 2,000. Takardar 10,000 da safe ba mai canjinta, kuma "zan ba ka canji anjima" a kanta yakan zama mantuwa idan ma'aikaci ya sauka aiki. Takardar da ta yage ko aka liƙe ana ƙin ta. Duk biyan da ka yi a ba ka rasit mai kwanan wata da lambar ɗaki, ka kuma tambaya tun farko ko harajin kwana na cikin farashin. Ana biya ta MTN MoMo ko Moov Money a wurare da yawa, layin kuma da katin shaida ake yi masa rajista. Wani abu da ke rikita baƙi: tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin suka koma goma, an ƙara 01 a gaba. Idan ka ga lamba takwas a tsohon allon otal, sa 01 kafin ka kira. Masu tasowa ta Gaya su bincika halin da gadar Malanbil ta iyakar Nijar da Benin take ciki kafin su kama hanya, tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 harkar ƙetarawa ta canja.

Injiniyan Sanyi: Abu ɗaya ba a taɓo ba, gobara. Kusan duk tagogin ɗakunan nan da ƙarfen ɓarayi a jiki, matakala ɗaya ce, wasu kuma suna sa wa ƙofar waje kwaɗo da tsakar dare mai gadi ya tafi da mabuɗi. Ka tambaya wa ke riƙe da mabuɗin kuma ina yake kwana. Ka ƙirga ƙofofi daga ɗakinka zuwa matakala, a cikin hayaƙi ido ba ya aiki. Kada ka wuce hawa na biyu. Sannan ka dubi maƙwabtan ginin: idan teburin masu sayar da fetur a kwalabe, wanda suke kira kpayo, yana jingine da bangon, ko ana tara jarkoki a shagon ƙasa, nemi wani wuri. Gobarar rumbun irin wannan man a Seme-Krake a Satumban 2023 ta kashe fiye da mutum 30. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce.

Ƙaramin Ɗan Kasuwa: Allah ya saka da alheri. Saura biyu: zirga-zirga daga masauki, da alƙibla idan ba a ga masallaci kusa ba.

Baban Zongo: Ɗana, 'yan babur ɗin garin ana ce musu zemijan, a Kwatano riga mai ruwan ɗorawa suke sawa da lamba a baya. Wanda ba riga, bar shi ya wuce, balle da dare. A gama ciniki kafin ka hau, gajeriyar tafiya 200 zuwa 300, mai nisa ko ƙetare gada 500 ko sama. Tun 2024 ana kama fasinjan da ba hular kwano, ba direba kaɗai ba, mai yin mako guda gara ya sayi tasa. Ka hau ta hagu, salansa tana dama. Akwai manhajar Gozem ga wanda ba ya son ciniki. Ba a cika aiki da sunan titi ba, da shatale-tale da fitaccen gini ake kwatance, don haka ka karɓi katin otal ɗin, ka kuma sa mai kanta ya faɗa maka alamar da 'yan babur suka sani, ka rubuta. Waya kada ta fito a hannu a kan babur ko cikin cunkoson Dantokpa. Bakin teku a je a sha iska da rana, amma kada a shiga ruwan, igiyarsa tana ja ƙasa-ƙasa ko gwanin iyo ne.

Alƙibla daga Kwatano tana wajen digiri 64 daga arewa. Teku tana kudu da gari, to ka fuskanci gabas teku na hannun damanka, sai ka karkata hagu kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa kusa da ƙarfen taga da esi, ka gwada a tsakiyar ɗaki. Agogo ɗaya ne da Nijeriya da Nijar, amma lokutan salla ka bi na masallacin unguwa.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙari kan ranar tashi. Motocin arewa da yawa da yamma ko da asuba suke tashi, ɗaki kuma sha biyu ake karɓe shi. Ku yi maganar tun daren jiya: ko a ba ku rabin wuni a rabin kuɗi, ko su ajiye kayan a sito. In sito ne, a ƙirga ƙunshi nawa a gaban ma'aikaci, a rubuta a bayan rasit ya sa hannu, kowace jaka da kwaɗonta, kuɗi da takardu kuma a jikinku. Wanda zai fita da asuba ya biya komai tun dare, ya gaya wa mai gadi ƙarfe nawa zai buɗe masa ƙofa, ya kuma shirya da ɗan babur ko mai tasin da otal ɗin ya sani, don ƙarfe huɗu na asuba ba lokacin tsayawa bakin titi da jaka ba ne.